Ɗan Bod ɗin da Injiniya Ya Raina

Akwai wani mai haɗa fitilun ɗakin taro da mutane suka manta sunansa na gaskiya, domin in ba ka ce masa Injiniya ba, ko waiwaye ba zai yi ba.

Shagonsa yana saman bene a wata doguwar kasuwar kayan lantarki. Ƙofar gilashi, fanka biyu, da takardar shaidar karatu a cikin firem, an rataye ta daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka.

Maganar gaskiya, ya iya aikinsa. Ya ƙera wani akwati mai girman jakar tafiya, wanda in aka kafa shi a ɗakin taro, fitilu ɗari uku sai su riƙa rawa da kiɗa. Ganga ta buga, ja ya tashi. Mawaƙi ya ja murya, shuɗi ya ruga daga wannan bango zuwa wancan.

A cikin akwatin akwai wani faffaɗan allo mai ƙwaƙwalwa, wanda masu sana'ar ke kira bod. Shi ke sauraron sauti ta makirfo, ya ba fitilun umarni. Injiniya ya shekara biyu yana rubuta manhajar da ke cikinsa, kuma tun ranar da ya gama, kansa ya fi ƙarfin hularsa.

Masu gyaran rediyo a wurinsa 'yan tonon gawa ne. Masu sayar da soket da ƙwan fitila kuwa 'yan tireda ne da suka ɓata hanya. Amma duk kasuwar babu wanda ya raina kamar Mai Waya.

Mai Waya mace ce da ta haura arba'in. Mijinta ya rasu ya bar mata teburin gyaran waya a ƙarƙashin matakalar benen, wuri ɗan tsugul wanda in ta miƙe da sauri sai kanta ya bugi siminti. A hannun marigayin ta koyi dalma da gyara. Rubuta manhaja kuwa da kanta ta koya, kaɗan-kaɗan, a wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi, duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Kullum da safe sai Injiniya ya taka ta saman kanta kafin ya isa shagonsa, kuma a ganinsa haka ya dace duniya ta kasance. In ta gaishe shi, da hanci yake amsawa.

To, Injiniya yana da ƙanwa, ita ce autarsu, kowa Auta yake ce mata. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana shekara huɗu. Ta girma kurma, mai tsabta, mai zafin nama, ta auri wani kafinta mai sanyin hali wanda ya koyi maganar hannu saboda ita. Allah ya ba su 'ya mace.

Da dare babu matsala, kafinta yana gida kuma kunnensa garau. Da rana ne abin yake. Shi yana wurin aiki, ita kuma ga wanki, ga girki, ga shara. Duk bayan 'yan mintuna sai ta saki abin da take yi ta leƙa ɗaki.

Ran nan, yarinyar tana wata huɗu, Auta na shanya a bayan gida, sai jaririyar ta mirgina ta faɗa tsakanin katifa da bango. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Maƙwabciya ce ta ji abin ya ƙi ƙarewa, ta shigo da gudu ta ciro ta. Ba ta ji ciwo ba sai ɗan ƙujewa a kunci, amma labari ya riga ya fita.

Kafin la'asar uwar mijin ta iso. Gwaggo ake ce mata, mace ce da ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba. Ta duba kuncin jikarta, ta dubi Auta sama da ƙasa kamar an kawo mata tsumma, ta ce wa ɗanta:

"Na faɗa maka tun farko. Kurma sai dai ta haifa, reno na masu kunne ne. Ƙarshen watan nan zan zo in ɗauki yarinyar."

Kafinta ya yi ta ba ta haƙuri, ta ce ba shawara ta zo nema ba. Auta ba ta ji kalma ko ɗaya ba, amma ta karanta komai a bakin tsohuwar. Ta rungume 'yarta ta zauna a ƙasa, ta ƙi ci ta ƙi sha har washegari.

Inna, mahaifiyar Auta, ita ta aika aka kira ɗanta Injiniya. Ta ce masa tunda yana sa fitila ta ji ganga, ya sa ta ji kukan jikarta. Ya yi dariya, ya ce wannan ai wasan yara ne, shi da yake haskaka ɗakin mutum dubu.

Washegari ya kawo ɗaya daga cikin akwatunansa. Ya kafa shi a falon Auta, ya zagaye bango da fitilu, ya yi wa kafinta dogon bayani da kalmomin da ya tabbata ba zai gane ba. Ƙanwarsa tana tsaye a gefe tana ɗaga hannu za ta nuna masa wani abu, ya ce wa mijin ya gaya mata kada ta taɓa komai.

Kwana uku abin ya yi. In an rufe ƙofa, fitilu su tashi. Babur ya wuce a titi, su tashi. Cokali ya faɗi, gidan ya koma filin rawa. Auta ta yi ta gudu zuwa ɗaki tana tarar da yarinya na barcinta. In kuwa aka ɗauke wuta, akwatin ya zama kujera. Uwa uba, daga bayan gida inda take wanki ba a hango falon ko kaɗan.

A rana ta huɗu kafinta ya nufo kasuwa. Kafin ya hau bene ya tsaya wurin Mai Waya ya ba da cajin wayarsa, ta ga fuskarsa, ta tambaye shi lafiya. Ya gaya mata. Sai ta jawo wata 'yar leda ta zazzage masa wasu ƙananan bod guda biyu, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Ta ce ya kai wa surukinsa. Waɗannan suna aiki da batirin waya, kuma suna iya aika wa juna saƙo ba tare da igiya ba. In aka sauke manhajar akwatin a kansu, ɗaya zai zauna kusa da yarinya, ɗaya a jikin uwar.

Injiniya ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci ƙwaro a abinci.

"Wa ya ba ka wannan alewar?"

Kafinta ya faɗa masa.

"Ita 'yar ƙarƙashin benen? To, ka ce mata giwa ba ta shiga ramin ɓera."

Amma da kafinta ya tafi ya bar su a kan tebur, sai Injiniya ya saki labule, don kada wani ya ga yana wasa da kayan Mai Waya. Ya haɗa ɗaya da kwamfuta ya tura manhajarsa. Kwamfuta ta ce babu wuri. Ya sake, ta sake faɗa masa haka. Ma'ajin ɗan bod ɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na babban ba.

Ransa ya ɓaci. Ya ciro makirfon akwatinsa ya liƙa wa ɗan abin, bai tsaya duba takardar da ta zo da shi ba, don a ganinsa karanta takarda aikin 'yan koyo ne. Babban bod ɗinsa da wuta mai ƙarfin bolt biyar yake aiki, ƙaramin kuwa uku da ɗoriya yake ɗauka. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Ya ce wannan dama lalatacce ne, ya ɗauko na biyun ya yi masa daidai abin da ya yi wa na farkon. Shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Ya share su ya zuba a kwandon shara, ya buga wa Inna waya ya ce ya yi bincike mai zurfi, abin ba zai yiwu ba, ilimi bai yarda ba.

Da hantsi washegari ya ji takun ƙafa a matakala. Mai Waya ce. Shekara shida suna maƙwabtaka, ranar ta fara taka shagonsa. Ta yi sallama ta tsaya daga bakin ƙofa, shi kuwa bai ce ta zauna ba.

Ta ce ta ji ya gwada bai yiwu ba. Ta roƙe shi ya ba ta kwafin manhajar ta gwada nata ƙoƙarin a kan wasu ƙananan bod da suka rage mata, saboda Auta.

Ya jingina da kujera ya dube ta, da tabaronta mai ɗaurin zare a gefe ɗaya, da yatsunta duk tabon dalma.

"Baiwar Allah, canza gilashin waya daban, injiniyanci daban. Kin san layi nawa ne a ciki?"

"Ban sani ba, Injiniya. In na buɗe zan gani."

Ya kwafa mata a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ba don tausayi ba, sai don yana so ya ga ranar da za ta dawo da shi kanta a ƙasa. Bai miƙa mata a hannu ba. A kan tebur ya wurga, ya zame ya faɗi ƙasa. Ta duƙa ta ɗauka, ta yi godiya, ta sauka.

Saura kwana goma sha tara wata ya ƙare.

Daga ranar Injiniya ya samu abin kallo. In zai hau bene sai ya rage tafiya ya leƙa ta tsakanin ƙarafan matakala. Kwana biyu na farko karatu kawai take yi, tana bin layukan da yatsa, tana rubutu a bayan kwalin batir. A na uku ya ga abin da ya tsayar da shi cak. Gogewa take yi. Ta zaɓi layi ɗari, ta danna, su ɓace.

Ya sauko da sauri har yana tuntuɓe, ya ce wa ya ba ta izinin yanka masa aiki kamar mahauci.

"Naka yana wurinka, wannan kwafi ne," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Na cire launuka goma sha shida, jaririya ba ta buƙatarsu. Na cire wurin ganga da wurin garaya. Ka raba sauti gida talatin da biyu, ni gida uku nake so, inda kukan yaro yake zama."

Ya ce abin da ya rage ai ba manhaja ba ce, ƙashi ne.

Ta ce, "Ƙashin nake nema."

Ya tafi yana huci. A wurin mai shayi ya ba da labari, ya ce wata ta samu littafi, da ta ga ba za ta iya karantawa ba sai ta kama yage shafuka. Aka yi dariya, don mutane suna son dariya, ko da a kan wa.

Sai kuma ta fara rufe teburinta da azahar, lokacin da kasuwa ta fi cika, ta tafi gidan Auta. Daga bakin Inna yake jin abin da ke faruwa. Wai takan zauna a tabarma da kwamfutarta tana jiran yarinya ta yi kuka ta ɗauki sautin. Kukan yunwa, kukan barci, kukan jiƙa zani, duk ta tara. Wai ta sa kafinta ya koya mata maganar hannu, tana yi tana kuskure, Auta na dariya tana gyara mata yatsu. Wai ita da Auta sun yi rabin yini suna gwada inda za a ɗaura abin, a wuya ko a damtse ko a tsintsiyar hannu, don kada ruwan wanki ya shige shi.

Injiniya ya ce wa Inna wannan ba aiki ba ne, zaman gulma ne.

Labarin da ya fi masa daɗi shi ne na faɗuwarta, kuma ta faɗi ba sau ɗaya ba. Ƙafafun ɗan bod ɗin, inda ake jona wayoyi, ba su kai na babban yawa ba, lambobinsu kuma daban, ta yi kwana biyu makirfo bai ji komai ba kafin ta gano ta haɗa shi a ƙafar da ba ta sauraro. Da ya fara ji, sai ya ɗauki ƙarar butar shayi a matsayin kuka. Ta gyara wannan, kyanwar maƙwabta ta yi kuka a kan katanga, abin ya tashi. Batirin kuma awa uku ya ƙare.

Kowanne daga cikin waɗannan sai da Injiniya ya kai shi wurin mai shayi, da ƙari. Har suna ya sa wa aikin, wai na'urar kiran kyanwa.

Abin da ba a kai masa ba, don ba shi da daɗin ba da labari, shi ne yadda take komawa kowace rana. Ta koya wa abin ya jira, kada ya tashi sai sauti ya daɗe yana hawa yana sauka yadda numfashin jariri yake yi. Ta koya masa ya riƙa gyangyaɗi in ɗaki ya yi shiru, don batir ya kai yamma. Da Auta ta nuna mata cewa in tana wanki idonta na kan kaya ne ba kan fitila ba, sai ta ciro ɗan injin da ke sa waya girgiza daga wata matacciyar waya ta ƙara.

Ana saura kwana biyar Inna ta sake kiran ɗanta. Ta ce ita dai ba ta ga ya yi komai ba, bare ce ke ta wahala a kan ƙanwarsa. Maganar ta soke shi, ba don Auta ba, sai don a ce 'yar ƙarƙashin bene ta yi abin da bai yi ba. Ya ce ranar da Gwaggo za ta zo, zai nuna wa kowa bambancin mai ilimi da mai kame-kame.

Ya samo batirin mota. Ya sayo igiyar wuta mai tsawon da za ta kai bayan gida. Ya ƙara fitilu. A tunaninsa, abin da ya hana akwatin aiki shi ne bai kai girma ba.

Ranar Asabar da hantsi aka hallara a falon Auta. Gwaggo ta zo da babbar jaka babu komai a ciki, ta ajiye ta a tsakiyar ɗaki don kowa ya san abin da ya kawo ta. Inna na gefe. Mai Waya ta zauna can kusa da ƙofa, inda ake ajiye takalma. Jaririyar tana barci a ɗakin ciki, an ja ƙofa.

Injiniya ya iso cikin farar riga mai guga, kafinta na biye da shi yana nishi da batirin mota a kafaɗa. Aka ɗauki rabin awa ana jan igiya. Sannan ya gyara murya ya yi jawabi a kan yadda sauti yake tafiya a iska, ya danna makunni.

Gwaggo ta yi tari. Bango ya yi ja.

Ta ce, "Mene ne wannan?" Kore da shuɗi suka ruga suka zagaye ta.

Ta ɗaga murya ta ce ita ba wasa ya kawo ta ba, fitilu ɗari uku suka kama rawa da kowace kalma. Duk inda ta ja harafi, rawaya ya bi ta. Duk inda ta buga ƙafa, ɗakin ya walƙa. Kafinta ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na motsi.

"Ni za ku mayar mawaƙiya? Da girmana?"

Injiniya ya ce ta yi haƙuri ta rage murya, na'urar tana da ƙarfin ji ne. Wannan ya ƙara tunzura ta. Ta ce da shi da na'urar duk ba su da tarbiyya. Ya ce ba a yi wa ilimi tsawa. Kafinta ya shiga tsakani, Inna ta sa baki, murya huɗu suka haɗu, bango na ta walƙiya kamar hadari.

Ana tsakiyar haka Auta ta miƙe zumbur. Ba ta dubi kowa ba, ta tura ƙofar ɗakin ciki ta shige.

Da ƙofar ta buɗe ne suka ji. Yarinyar ta farka tana kuka, yanzu ta fara, ko hawaye ba su sauko ba. Mutum biyar masu kunne a falo, babu wanda ya ji. Auta ta fito da ita a kafaɗa tana jijjigawa. A tsintsiyar hannunta akwai wani ɗan abu kamar agogo, cikin kwanson roba, da farar fitila ƙwaya ɗaya tana ƙiftawa.

Kafinta ya miƙa hannu ya zare igiyar batirin mota. Ɗakin ya koma ɗaki.

Gwaggo ba mace ce da ake saye da abu ɗaya ba. Ta ce dace ne. Ta shiga ɗakin ta ga ɗayan, ɗan akwati kamar na ashana, an maƙala shi a jikin gadon yarinyar. Ta tafa hannu a kansa, shiru. Ta aika aka kawo murfin tukunya biyu ta gwara su, shiru. Ta yi masa tsawa da muryar nan tata, ko ƙiftawa bai yi ba.

Sai ta ce a kwance abin daga hannun Auta a ɗaura mata. Ta ɗauki kujera ta tafi bayan gida, wurin igiyar shanya, ta zauna ta harɗe hannu. Ta fi awa ɗaya a wurin, babu wanda ya isa ya ce ta taso. Da yunwa ta tashi yarinyar, daga falo suka ji tsohuwar ta yi salati, ta shigo tana yarfa hannu kamar kunama ta harbe ta.

Ta kwance shi da kanta. Ta tsaya gaban Auta, ta kama hannunta, ta ɗaura mata, har tana gyara maɗaurin kada ya matse. Ba ta ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Cewa ta yi za ta riƙa leƙowa, kuma kada a kuskura a bar abin babu caji. Ta naɗe jakarta ta sa a hammata.

Nan Injiniya ya ga rana na neman faɗuwa a kansa. Ya yi gyaran murya ya ce, to, alhamdu lillahi, dama manhajarsa ce ke cikin abin, kwafa aka yi daga wurinsa.

Ya zaci Mai Waya za ta musa, ya shirya mata amsa. Sai ta ce daga inda take zaune:

"Gaskiya ya faɗa. Yadda ake raba sauti gida-gida, a aikinsa na koya. Da bai rubuta ba, ban san ta inda zan fara ba."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Inna ta juyo ta dube shi. "To, kai da ka rubuta, me ya sa ka ce mini ilimi bai yarda ba?"

Auta, wadda take bin bakin kowa da ido, ta miƙa wa Inna yarinyar don hannayenta su samu sarari. Ta fuskanci yayanta ta yi magana da yatsu, a hankali, ba da fushi ba. Injiniya ya tsaya yana kallon hannayen kamar rubutun wata ƙasa. Shekara ashirin da biyar tana magana da su a gabansa, bai san ko gaisuwa ba. Dole ya juya ga surukinsa ya tambayi me ta ce.

Kafinta ya so ya sassauta, Auta ta taɓa shi alamar ya faɗa yadda take.

"Ta ce, Yaya, ta gode da wahalar da ka yi. Ta ce wannan baiwar Allah ta zo ta tambaye ta me take buƙata. Kai kuma sau biyu ka zo gidan nan, da bango ka yi magana."

Shi kaɗai ya naɗe igiyarsa. Batirin motar ma shi ya ɗauka, farar rigar ta yi baƙi a kafaɗa.

Labari irin wannan ba ya kwana. Auta tana da ƙawaye kurame, ƙawayen suna da mazaje da 'yan'uwa. Kafin wata biyu, ƙarƙashin matakalar nan ya cika da mutane masu magana da hannu. Wata tana son na kukan jariri. Wani yana son wanda zai gaya masa ana buga ƙofa. Mai Waya ta sa kafinta ya yi mata dogon benci. In Injiniya zai hau shagonsa, sai ya yi ta neman hanya a tsakanin mutanen da ba sa jin gyaran muryarsa.

Wurin mai shayi kuwa ya daina zuwa, don yanzu in ya doso sai wani ya yi kukan kyanwa.

Sai ga babban mai ba shi aiki, mai ɗakin taro mafi girma a unguwar, ya hau bene. Ya ce baƙi sun gaji da igiyoyi a ƙasa, ana ta tuntuɓe. Yana son ƙananan fitilu masu batir a kan kowane tebur, su riƙa bin kiɗa. Ya ce ya ji akwai wata a ƙasa da ta iya irin wannan, amma saboda tsohuwar hulɗa ya fara zuwa wurinsa. Ya ba shi mako biyu, in bai iya ba ya faɗa.

Injiniya ya ce ƙaramin abu ne. Ya sayo ƙananan bod, wannan karon ya karanta takardar. Bai ƙona ko ɗaya ba, amma manhajar ta ƙi shiga. Ya zauna zai rage ta, sai ya ga ba zai iya goge layi ko ɗaya ba. Duk wanda ya kalla sai ya tuna wahalar da ya sha a kansa. Kwana tara yana cire wannan yana mayarwa.

A rana ta goma, da tsakar rana, kasuwa cike, ya ɗauki kwamfutarsa ya sauko. Ya tsaya gaban teburin Mai Waya, ya yi sallama cikakkiya, ya ce yana son ta duba masa wani abu in ba damuwa.

Ta amsa da fara'a, ta ce babu komai, za ta duba. Sai dai tana tsakiyar ɗaura wa wata mai jego nata, ga kuma mutane na jira.

Yana nan tsaye ya ji an taɓa masa kafaɗa. Wani dattijo ne kurma, mai facin taya, hannunsa duk baƙin mai. Ya nuna Injiniya da yatsa, ya nuna mutum bakwai da ke kan benci, sannan ya nuna can ƙarshe, kusa da kwandon shara.

Wannan maganar hannun dai ba ta buƙaci tafinta ba. Injiniya ya rungume kwamfutarsa, ya bi ta gaban mutum bakwai ɗin, masu shaguna na leƙowa, ya je ƙarshen benci ya zauna.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ilimin da ba zai iya duƙawa ya tambayi mai buƙata abin da yake so ba, ado ne kawai a bango. Kada ka raina mutum don wurin zamansa, kada ka raina abu don ƙanƙantarsa, allura ma ƙarfe ce. Wanda ka taka yau, wataƙila a layinsa za ka zauna gobe. In labarin nan ya tuna maka da wani, ko da kanka, tura shi ga 'yan'uwa da abokai su ma su karanta.